Bencin da Baba Ya Ƙera

Lahadi, 6 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Jiya na dawo Saulawa da kayana duka. Na gama jami'a, kiran bautar ƙasa nake jira. Yau na je sujada a gida, karo na farko tun rasuwar Kaka Nomau, mahaifin Baba, a watan Agusta. Ina tsakiyar jarrabawa lokacin, ban samu zuwa ba.

Baba ba ya kan kujerar dattawa. Na duba sau biyu. Yana can bencin ƙarshe, kusa da ƙofa, shi kaɗai, hularsa a kan gwiwa.

A cocinmu wanda aka sa wa horo ne ke zama a wurin. Ba ya cin jibin Ubangiji, ba ya aikin ikilisiya, ba ya zuwa gaban bagade, har ranar da zai tashi a gaban jama'a ya ce ya yi nadama. Tun ina yarinya na san wannan. Ban dai taɓa kawo wa raina zan ga Babana, Dattijo Barnaba, a kansa ba. Shi ya ƙera bencin. Duk wani katako da ke cikin cocin nan hannunsa ya bi ta kansa.

A sanarwa Fasto Simeon ya ce za a yi mini sujadar godiya ranar 3 ga Nuwamba. Mata suka yi guɗa. Yadda ake yi, uba ne ke riƙe hannun wanda ya gama karatu ya kai shi gaba, ya ɗora masa hannu a ka tare da Fasto. Ni ce ta farko a gidanmu. Tun ina aji ɗaya nake hango ranar nan.

Na waiga. Baba yana tafi tare da kowa.

Litinin, 7 ga Oktoba, da safe

Na tambayi Mama abin da Baba ya yi. Ta ce, "Ke, kokon nan zai huce."

Abin da na gani da idona: baƙin bunsurun Kaka ba ya cikin garke. Babban tulunsa an wanke an kife bayan rumbu. An share gindin tsamiyar da ke bakin gonarsa, wadda ba a bari yara su yi wasa a wurin. Kaka bai taɓa shiga coci ba, bai taɓa shiga masallaci ba, a kan hanyar kakanninsa ya mutu.

Sauran ban gani ba, don haka ba zan rubuta ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na raka Baba kasuwar Makarfi sayen ƙusa. A hanyar dawowa muka haɗu da Fasto a kan mashin ɗinsa. Baba ya tsayar da namu, ya sauka, ya cire hula, ya rusuna. Ya girmi Fasto nesa ba kusa ba.

"Barka da hanya, Fasto. Yaya ikilisiya? Yaya Mama da yara?"

"Lafiya lau, Dattijo. Don Allah ka tashi."

Har yanzu Dattijo yake ce masa. Na lura bai kalli Baba a ido ba, madubin mashin yake ta gyarawa, madubin kuma lafiyarsa ƙalau.

Da muka wuce na yi ƙarfin hali, don magana ta fi sauƙi idan kana kallon bayan mutum.

"Baba, me zai hana ka faɗi abin da suke so?"

"Me suke so, Malama?" Tun da na dawo haka yake kirana. Ni 'yar fari ce, daga shi har Mama babu mai kama sunana.

"Ka ce ka yi nadama."

"In tsaya a ɗakin Allah in faɗi abin da ba ya zuciyata?"

"To Fasto ne bai yi daidai ba ke nan."

"Wa ya gaya miki? Da ni ne a kujerarsa, abin da zan yi ke nan. Da bakina aka zaunar da wasu a bencin nan. Riƙe ledar da kyau, akwai rami a gaba."

Alhamis, 10 ga Oktoba, da azahar

An yi gayyar girbin masara a gonar Fasto. Mama ta ce Baba ne ya riga kowa zuwa. Ya ce gona ba aikin ikilisiya ba ce, noma ne.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya

Na zauna kusa da Baba.

Lahadi, da yamma

Bari in rubuta shi yadda ya faru. Yau ranar jibin Ubangiji ce. Ina cikin 'yan mata a layi na uku. Aka zaga da faranti. Mai rabawa ya je har bencin da ke gaban na ƙarshe, ya juyo. Baba ya sunkuyar da kai yana addu'a kamar an ba shi. Ban shirya ba, ban yi shawara da kowa ba. Na tashi, na bi ta tsakiya, na je na zauna a gefensa.

Bencin yana rawa. Ƙafa ɗaya ta gajarce, ta hagu ta baya.

Baba ya ce a hankali, "Tashi." Ban tashi ba. Mawaƙa suka rikice a baiti na biyu. Fasto ya ci gaba da hidima, bai dubi baya ba har aka tashi.

Ni da nake duba amsa sau uku kafin in miƙa takarda.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Baba yana amsa gaisuwata da "lafiya" kawai. Babu Malama.

A famfo mata sun matsa mini na fara ɗiba, abin da ba a taɓa yi ba. Na ɗauka girmamawa ce. Sai na ga ba fuskata suke kallo ba.

Da rana Mama Philomena, shugabar zumuntar mata, ta zo. Ta gaisa da Mama doguwar gaisuwa, ta sha ruwa, ta ce a ba mu wuri. Ta janyo kujera har gwiwarta na taɓa tawa.

"Hephzibah, ni na yi wa uwarki wankan jego da ta haife ki. Kada ki ɓoye mini. Wata nawa?"

"Watan me, Mama?"

"Ɗan makaranta ne, ko malami? Yana da addini?"

A nan na gane. Budurwar da ta dawo daga birni ta je ta zauna a bencin horo da ƙafarta, a garin nan ma'ana ɗaya gare shi. Na san wannan ma. Na ga an zaunar da 'yan mata biyu a wurin ina sakandare. Ban tuna ba sam.

Na ce mata babu komai, Babana kawai na je taya zama. Ta daɗe tana kallona, ta ce, "To, Allah ya sa. Amma zanin nan ki riƙa ɗaure shi da kyau, kina sakinsa kamar mai ɓoye wani abu."

Laraba, 16 ga Oktoba

Ban fita ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba, Kudan, bayan la'asar

Mama ta aiko ni wurin Goggo Ummulhairi, yayar Baba, da sunan kawo mata gyaɗa. Na san don in bar garin ne kwana biyu. Goggo ta musulunta tun aurenta, amma babu bikin cocinmu da ba ta aiko da abinci ba. Labarin ya riga ni zuwa.

"Sannu da zuwa, mai ciki," in ji ta tun daga zaure. "Shekara huɗu kina karanta lissafi, ba a koya miki lissafin benci ba?"

Na yi dariya, daga nan kuma sai kuka. Ta bar ni na gama, ta gutsuro mini mazarƙwaila.

Abin da zan rubuta yanzu ban gani ba, Goggo ce ta faɗa mini. Ta ce lokacin da Baba ya fara bin masu bishara yana yaro, sauran iyaye dukan 'ya'yansu suke yi. Kaka ya ce a bar shi. Da aka zo gina cocin farko, Kaka ne ya sare itacen rufi daga gonarsa ya kai har bakin fili, ya ajiye, ya juya. Bai shiga ba, bai hana ba, shekara da shekaru.

"Bai taɓa roƙon ubanki komai ba," in ji Goggo. "Sai ranar nan. Ya kama wuyan hannunsa ya ce, Barnaba, idan na tafi kada ka bar ni da ƙishi. Ina zaune a wurin. Ubanki ya ce to."

"Goggo, ke da za ki yi?"

"Ni? Allah ya kiyaye ni. Na gode masa da ya yi ni mace, ba hannuna aka kama ba." Ta ƙara gutsuro mini mazarƙwaila. "Yankan bunsurun da zuba wa tsoho giyar a gindin tsamiya, bai yi a ɓoye ba, kin sani. Da ya gama, da ƙafarsa ya je ya gaya wa Faston naku."

Wannan ban sani ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba, ƙarfe biyu

Na koma layi na uku. Akwai fili a damana, akwai fili a haguna. Baba yana wurinsa. Fasto bai ce komai a kaina ba.

Shi ya yi mini baftisma a rafi. Shi ya koya mini karatu da alli a jikin ƙofar coci kafin a sa ni makaranta. Tun da na dawo ban je gaishe shi a gida ba. Yau na lura da hakan.

Talata, 22 ga Oktoba, da hantsi

Wannan da kunnena na ji. Ina tankaɗe a bayan rumfar aikin Baba, ba su san ina nan ba.

Baba ya ce wa Mama, "Ranar uku ga wata zan tashi in faɗa."

"Ka yi nadamar?"

"Zan faɗa dai. In na riƙe hannunta na kai ta gaba, Fasto ya sa mata albarka, bakin mutane zai mutu. Yarinya ba za ta tafi wata jiha da wannan suna a bayanta ba."

"Tsohonka fa?"

Sai na ji zarto ya ci gaba.

Abin da nake so ke nan tun ranar da na dawo, ya riƙe hannuna. Yanzu za a ba ni, kuma ba na murna.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ruwa ya ɗauke. Dawa ta sunkuya. Ban iya cin tuwo ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da safe

Doka ta biyar cikin dokoki goma ta ce a girmama uba da uwa. Baba ya girmama nasa, aka zaunar da shi a baya. Na girmama nawa, na ƙara masa kaya. An kuma ce a yi biyayya ga masu kiwon rayukanmu. Na jera su ta kowace fuska, ba su ba ni amsa ɗaya ba.

Abu ɗaya na tabbatar: a cikin mu uku, ni da Baba da Fasto, ni kaɗai ce ban je na gaya wa kowa abin da na yi ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Na je gidan Fasto. Na same shi a tsakar gida a kan tabarma yana murje masara daga totuwa. Na shirya hujjoji tun a hanya, har da ta ɗaya da ta biyu. Da na durƙusa duk suka gudu.

"Baba Fasto, na zo ba da haƙuri. Na keta tsarin coci a gaban jama'a. Ban yi don raini ba, amma na yi."

"Sai yau, 'yata?"

"Sai yau."

"Ina nan ina jira. Kowa ya zo mini da maganarki, har da waɗanda rabonsu da sujada tun Ista. Ke kaɗai ce ba ki zo ba. Ba zan wanke wanda bai ce mini komai ba." Ya turo mini kwando. "Zauna ki taya ni."

Muka yi ta murza. Sai na faɗa masa abin da Baba ya shirya yi, da dalilinsa. Ina faɗa ina jin kamar ina zare wa Baba riga a kasuwa. Hannun Fasto ya tsaya.

"In karɓi maganar da ba gaskiya ba, a kan teburin da ya ƙera?"

"To a ɗage masa horon, Baba Fasto."

"Ba ni kaɗai na sa ba, da dattawa. Ko da ni kaɗai ne ma ba zan ɗage ba. Abin da ya yi ba hanyarmu ba ce, shi ma ya sani." Ya ɗauki wata masarar. "Da mahaifina ya rasu a can kudu, ni ma an nemi in yi irin wannan. Na ƙi. Har gobe ina ganin daidai na yi. Amma 'yan'uwana ba su ƙara cin abinci a gidana ba. Kada ki ɗauka ban san nauyin abin ba."

Da zan tafi ya ce, "Ki gaya masa kin zo. Kada ya ji a bakin wani."

Na gaya masa. Yana goge wani katako, bai ɗago ba.

"Ƙarata kika kai ke nan."

"A'a, Baba. Ba na so ka wanke sunana da abin da ba ya zuciyarka. Gara in je gaba ni kaɗai."

Ya daɗe yana shafa katakon da tafin hannu. Sannan ya ce, "Malama, miƙo mini guduma."

Lahadi, 27 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya da rabi

A sanarwa, tsakanin maganar yoyon kwano da ta taron matasa, Fasto ya ce, "Babu horo a kan Hephzibah, ba a taɓa sa mata ba. Ta zauna inda bai kamata ba saboda ƙaunar mahaifinta, ta zo ta ba da haƙuri, an karɓa. Wanda ke da sauran magana ya same ni a gida, ina da masarar da ba a gama murjewa ba."

Aka yi dariya. Mama Philomena ta juyo ta gyaɗa mini kai kamar ita ta faɗa tun farko.

Laraba, 30 ga Oktoba

Kira ya fito. Mako mai zuwa zan tafi sansani.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da la'asar

Baba ya wanke babbar rigarsa da kansa, ya shanya. Ya goge takalmi. Ban san me zai yi ranar Lahadi ba. Na tambayi Mama, ta ce ita ma kallo take yi. Goggo ta aiko da buhun shinkafa ƙarami da saƙo cewa a gaida mai ciki.

Ina ta gaya wa kaina na yarda in tafi gaba ni kaɗai. Na faɗa da safe, na faɗa da rana.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Zan bi shi daki-daki, don kada in ƙara ko in rage.

Kafin godiya Fasto ya tambaya, kamar yadda ake yi duk farkon wata, ko akwai wanda ke ƙarƙashin horo da ke da magana. Baba ya miƙe.

Ya ce, "Fasto, dattawa, 'yan'uwa. Ina nan inda kuka ajiye ni, ba ni da ƙorafi. Maganar da kuke jira ba ta iso ba tukuna. In ta iso zan kawo."

Ya zauna.

Zumuntar mata suka buga tuluna. Na tashi na taka zuwa gaba, Mama a bayana, babu kowa a gefena. Na durƙusa. Fasto ya tsaya a kaina, bai fara addu'a ba. Kiɗa ya mutu. Wani dattijo ya yi gyaran murya.

Fasto ya ce, "Albarkar ɗa tana hannun uba, ni taimako nake yi. Tsarinmu ya hana Dattijo Barnaba zuwa gaba, kuma ba zai zo ba. Amma na duba, bai hana mu zuwa baya ba. Tashi, 'yata."

Ya kama hannuna. Muka bi ta tsakiya. Jama'a suka yi ta juyowa layi bayan layi. Dattawa biyu suka biyo mu, na uku ya ci gaba da zama a kujerarsa, ya harɗe hannu. Na rubuta wannan ma, don haka aka yi.

Baba zai tashi, Fasto ya ce, "Zauna, wurinka ne." Na durƙusa a gabansa na dafa bencin, ya yi rawa. Hannu biyu suka sauka a kaina. Na san na Baba, yana da kanta. Fasto ya yi addu'a, ban riƙe ko kalma ɗaya ba. Da aka ce amin, Baba ya sunkuyo, ƙasa-ƙasa yadda ko Mama ba ta ji ba, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Hephzibah."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ya faɗe shi daidai.

Talata, 5 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Gobe da sassafe zan hau mota a Ikara. Na je na yi sallama da Fasto, ya ba ni masara a leda, ya ce wadda na murje ce.

Horon yana nan. An ce dattijon da ya harɗe hannu zai kai maganar Lahadi gaba. Wannan ji na yi, ban tabbatar ba.

Da na dawo na tarar da bencin a rumfar Baba, an kife shi ƙafafu sama. Ashe da safe ya je ya nemi izinin Fasto ya ɗauko shi, tunda an hana shi aikin ikilisiya. Fasto ya ce wannan ɗaya ya halatta.

"Baba, har yaushe za ka zauna a kansa?"

"Ban sani ba, Malama."

"To me ya sa kake gyara shi?"

"Ko na tashi, wani zai zauna. Abin da ke damunsa ya ishe shi, ba sai benci ya ƙara masa ba." Ya auna sabuwar ƙafar, ya sa ƙusa a baki. "Zo ki riƙe mini nan. Kada ki bari ta motsa."

Na riƙe.